Kokawa a Falo

Na ture teburin falo gefe, na naɗe hannun riga, na ce wa ɗana, "Tashi mu yi kokawa."

Ya ɗago kai daga wayarsa. "Baba, lafiya?"

Ina fa lafiya! Sau uku yana faɗuwa jarrabawa, saura mako biyu ya shiga ta huɗu, ni kuwa ko abinci ba ya mini daɗi. Ranar Lahadi fasto ya ce in Allah zai sauya rayuwar mutum, sunansa yake fara sauyawa. Yakubu ma sai da ya yi kokawa da mala'ika kafin ya zama Isra'ila. Sabon suna na riga na zaɓa. Mala'ika ne babu, sai na ce ni zan tsaya a madadinsa.

"Kama ni da ƙarfi," na ce, "kada ka sake ni sai na sa maka albarka."

Yaron da ko guga ba ya ɗagawa, sai ga ni a sama. Na faɗo kan hannun kujera, ƙuguna ya ce ƙas.

Uwarsa ta fito daga kicin riƙe da ludayi. "Maigida, ka saurari wa'azin nan har ƙarshe kuwa?"

"Gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni."

"To, wanda ƙugunsa ya goce, shi ake sauya wa suna."

Yanzu duk layinmu Baba Ɗingishi suke kirana. Yau da safe ɗana ya miƙo mini biro. "Baba, tunda albarkar kanka ta faɗo, ko kai za ka je ka rubuta?"

Na ce ya ɗauko mini tabarau.