Tsawar da Ɗan Gwangwani Ya Sha

Nas ta dawo daga aikin safe a asibiti, ta nemi silifas ɗinta a bakin ƙofa ta rasa. Tana cikin dube-dube ta jiyo tsawa daga ɗakin yara.

"Kalle ni idan ina magana! Wai kai wane irin daƙiƙi ne? Na gaji da kai, wallahi na gaji!"

Muryar Auta ce, 'yarta mai shekara bakwai, wadda ta yi wata huɗu ba ta ce mata komai sai "to". Saboda wannan shirun ne likitar da ke daidaita zaman iyali ta ba su aron wani ɗan mutum-mutumi mai motsi da magana, ya riƙa wasa da yarinyar ko bakinta zai buɗe. Auta ta raɗa masa suna Ɗan Gwangwani. To, ga baki ya buɗe, amma da me!

Nas ta leƙa. Auta na tsaye hannu a ƙugu, tana jan manyan silifas, tana nuna Ɗan Gwangwani da biro. Shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai, "to" kawai yake cewa.

Kunya ta rufe Nas, a ce 'yar cikinta ce da wannan baki. Ta ɗauki bidiyon abin a waya. Gano mai laifi bai ba ta wuya ba, dama bai taɓa ba ta wuya ba. Gidan Gwaggo, ƙanwar mijinta, can Auta ke yini bayan makaranta, gida mai yara shida da hayaniya kamar tasha. Nan take ta kira Gwaggo ta wanke ta tas, ta ce 'yarta ta bar zuwa gidan ke nan. Gwaggo ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya."

Washegari Nas ta ja yarinyar sai ofishin likita. Ta miƙa wayar tana sunne kai.

"Likita, ki yi haƙuri da abin da za ki ji. Mu dai ba a gidanmu ta koya ba."

Likita ta kalla har sau biyu. Ba ta tambayi komai game da Gwaggo ba. Ta ajiye wayar a hankali, ta durƙusa gaban Auta.

"Za ki gaya wa Mama wasan da kuke yi?"

Nas ta zuba wa 'yarta ido. Wata huɗu tana roƙon Allah yarinyar nan ta dube ta, ta yi mata magana ko da guda ɗaya ce. Auta ta murza bakin rigarta, ta ɗago, ta dubi uwarta ido cikin ido.

"Wasan canji ne, Mama. Shi ya zama ni, ni kuma na zama ke."