Marinin da Ya Cike Rijiyar Ubansa

Tunda kai ma ka kama mai laifi tun ba a bincika ba, zauna ka ji misali. An yi wani marini da ya gaji rijiyar rini daga ubansa, uban ma gado ya yi. Shekara talatin yana tsoma zane a ruwan baba, har shuni ya kama hannunsa, ba sabulun da ke fitar da shi. Wata rana ƙaiƙayi ya tasar masa a tafin hannu. Ba ƙurji, ba borin jini, sai susa, susar da ba ta kai inda abin yake. Ya shafa man kaɗanya, ya yi wanka da sabulun salo, ya jiƙa ganyen darbejiya, har da totuwar masara ya kankari jikinsa sai da ya ga jini. Barci ya ƙaurace masa. Da ya rasa wanda zai kama, sai ya dubi hannunsa ya ga shuni, ya ce ai ga ɓarawon nan. Abokan sana'a suka ce ya bi a hankali, ruwan baba bai taɓa yi wa kowa haka ba. Ina! Wanda susa ta hana wa barci ba ya jin lallashi. Ya kwashe ruwan ya zubar, ya cike rijiyar da ƙasa yana yi yana share hawaye, ya bar wa wani mai shayi wurin.

Bayan wata uku shuni ya koɗe daga hannunsa, ƙaiƙayi kuwa sai abin da ya ci gaba. Da hannun ya washe ne ƙanwarsa ta lura tafin ya yi ruwan ɗorawa, ta duba farin idonsa ta ga haka, ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ta saurare shi tsaf, sannan ta tambaya ko tafin ƙafarsa ma na ƙaiƙayi. Ya ce ai tare suka fara. Ta ce, "To Malam, da ƙafa kake rini?" Nan take ta sa aka ɗebi jininsa. Gwajin jini ya nuna hanta ce ba lafiya, ruwan maɗaciya ya rasa hanyar fita ya koma cikin jini, ita fata ƙara kawai take kaiwa. Aka ɗora shi a kan maganin hantar, sannu a hankali susa ta lafa, barci ya dawo. Ranar da ya ji ƙarfi ya taka zuwa marina, ya tarar mai shayi ya zuba siminti a kan rijiyar ya kafa teburinsa. Ya daɗe a tsaye yana duban hannunsa, fes da shi, ba ƙaiƙayi, ba shuni, ba kuma sana'ar da zai koma wa. Ni dai har yau ina jin tausayinsa.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.