Uwar Murjani

Hajiya Adisa tana shirya murjani a sabon zare aka ce mata Zenabu, tsohuwar matar ɗanta, ta sake aiko da roƙo daga Bawku.

"A gaya mata ɓarauniya ba ta zuwa bikin gidana," in ji ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "In tana son ganin auren 'yarta, ta taho da Uwa a hannu."

Uwa ita ce babbar ƙwayar da ke zama a tsakiyar zaren. Tun zamanin kakannin Hajiya masu fataucin goro murjanin nan yake gidan a Salaga, kuma ba a fitar da amarya sai da shi a wuya. Uwa ta taɓa tsagewa, Hajiya da ƙafarta ta kai ta wurin wani maƙeri a Yendi. Ya ɗaure ta da zaren azurfa, ya yi ƙullin a karkace, ta daɗe tana yi masa mita a kai.

Shekara goma sha wani abu ke nan, bayan wani biki, aka buɗe kwalla aka tarar da zare a tsinke, Uwa babu ita. Zenabu, matar Jalil babban ɗan Hajiya, ita ta kwance wa amarya kaya. Ta rantse, ta yi kuka har muryarta ta dishe, duk a banza. Hajiya ta sa Jalil ya sake ta, ta riƙe 'yarsu Fulera. Makon ya zo wa Hajiya da zafi biyu, don a cikinsa autarta Mardiya ta tafi karatu Turai.

Yanzu Fulera ce amarya, za a kai ta Yendi. Yarinyar ta daina cin abinci. Abu ɗaya take roƙo, a bar uwarta ta gan ta da lalle. Hajiya kuwa in ta ƙi mutum, ta ƙi shi ke nan.

Abin da ya sanyaya mata rai shi ne zuwan Mardiya, wadda yanzu ake kira Dokta. Hajiya ba ta san kan aikin ba. Ta dai ji cewa murjani halitta ce mai rai a ƙasan teku, 'yarta kuma tana karanta asalinsa kamar yadda ake gane dangi ta jini. Wannan ya ishe ta cika baki a kasuwar doya. Ai tun Mardiya tana ƙarama take zama ta zuba wa murjanin gidan ido!

Ranar da ta iso, Hajiya ta ɗauko zaren za ta gwada mata. Mardiya ta ja da baya, ta ce zafi take ji.

"Mma, ki bar Zenabu ta zo mana. Abin ya wuce."

"Ya wuce a wurin wa? Ke na teku kika sani, ba ki san mutane ba."

Mardiya ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Zenabu ta san ƙofar Salaga a rufe take, sai ta tari amarya a Yendi. Ana tsakiyar guɗa aka gan ta a ƙofar gidan ango, ta rame, da tukwane sababbi a ka, waɗanda ta tara daga awon gero a Bawku. Hajiya ta fito kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ku duba jakunkunanku, mata! Mai tsinke zare ta iso!"

Zenabu ta sauke tukwanen a ƙasa. Ta hango Mardiya a bayan Hajiya, har ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Dokta, sannu da hanya. Allah ya ƙara ɗaukaka."

Mardiya ta sunkuyar da kai. A ɗaka Fulera tana ihun kiran uwarta, ƙawaye sun rirriƙe ta. Hajiya ta sa aka tura tukwanen waje da ƙafa, ta tsaya a ƙofar har sai da ta ga Zenabu ta sha kwana ta nufi tasha.

Kunya ta kama dangin ango. Kawunsa Malam Sumaila, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya matso don ya sauya zance.

"Hajiya, kin san wadda kika haifa kuwa? Yau duk duniya wanda zai yi rubutu a kan murjani sai ya ambaci sunanta. Kuma wallahi daga samfur ɗaya tak abin ya fara. An ce mata ba zai yiwu ba, ta yi. Ga bidiyon, ina nuna wa ɗalibaina."

"Malam, ba yanzu ba," in ji Mardiya da sauri.

"Yanzu kuwa!" Hajiya ta fizge wayar. "A ga bambancin ɗiyar kirki da ta banza."

Mata suka zagaye ta. Ga Mardiya a farar riga, da ƙuruciyarta, tana zuba Turanci gaban Turawa. Hajiya ta washe baki, tana ɗaga wayar don na baya su gani. Sai aka matso da hoton kusa, kan hannun Mardiya mai safar roba.

A tafin hannun akwai jar ƙwaya babba, an huda gefenta an ɗebi gari, zaren azurfa na nan zagaye da ita, da ƙullinsa a karkace.