Waƙa Ta Bakwai

"Hezekiya, sauko yanzu-yanzu!" Declan yana dukan ƙofa kamar zai ɓalla ta.

Shi ne shugaban wasu mawaƙa 'yan Ireland da suka kama ɗakin ƙasa a benen da su Hezekiya suke zaune a unguwar Tremont, suna naɗar faifansu na farko, kiɗan kaboyin Amurka zalla. Gobe za a kai shi bugawa.

Hezekiya ya bi shi.

Declan ya kunna waƙa ta bakwai. Can ƙarƙashin jita sai ga muryar Lea, matar Hezekiya, ta biyo bututun ɗumama gida tana rera waƙar soyayya da Hausa. Muryar wani namiji ta amsa mata, har da dariya.

"Sa mana hannu mu bar ta a faifan," in ji Declan. "Mutumina, muryarka ta fi tawa! Talatar da ta wuce muka ɗauka, da rana."

A ranar Hezekiya yana kan sitiyarin bas a Manhattan. Yau ma Talata ce, musayar ranar aiki kawai ya yi, shi ya sa yake gida.

Ya hau sama. Lea na kicin. Bai buɗe baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Lea, ni ne. Ya fita?"

Muryar waƙa ta bakwai ce.