Layin Kananzir a Kan Alli

Wanda ya fara goge bakin walda a rumfar nan shi ne Baba Mai Guduma, shekara talatin da huɗu ke nan, tun rumfar ba ta da komai sai inji guda da benci guda. Shi ya kafa ƙa'idar da aka gada: in an haɗa ƙarfe biyu, sai a goge gefen waldar ya yi sumul, a bi shi da ƙaramar guduma ana bubbugawa, sannan a shafa kananzir, a share, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, kananzir zai tsattsafo ya ja layi a kan allin. Noti kuwa, in an ɗaure shi tamau, sai a ja masa layin fenti har kan ƙarfe, domin ranar da ya motsa ido ya gani.

Da tsufa ya kama dattijon, sai ya miƙa rumfar ga babban ɗansa, wanda abokan aiki ke kira Gaggawa. Gwani ne, babu musu. Aibinsa guda: da ya gama walda sai ya lafta fenti, aiki ya fita yana walƙiya.

"Baba, alli ai na 'yan makaranta ne," in ji shi. "Ka taɓa ganin waldata ta ɓalle?"

"Ba ranar da aka yi ta take ɓallewa ba," in ji dattijon. "Ƙarfe yana gajiya kamar ni da kai. A ɗora masa nauyi, a sauke, a ɗora, a sauke, sai ya fara tsagewa daga wannan ɗan kwarin da ka bari a bakin waldar."

"To, in ya gaji sai mu shimfiɗa masa tabarma!"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Shekara biyu aka yi a haka. Wata safiya ana ɗaga ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ƙugiyar da Gaggawa ya yi wa walda da hannunsa, sai aka ji ƙas! Ƙugiyar ta ɓalle, ƙofar ta sauko a kan ƙafarsa ta dama. Ƙashin ya karye gida uku.

A asibiti ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Dattijon ya zauna a bakin gado ya ce, "Ban zo gori ba. Lissafa mini duk aikin da ya fita ba a yi masa alli ba."

Ya yi ta lissafawa: matakala, ƙafafun tankin ruwa, amalanke. A na ashirin da uku ya tsaya, ya dubi mahaifinsa.

"Baba... lilon makaranta. Jikarka kullum a kansa take."

Dattijon ya fita da sandarsa, da kwalbar kananzir, da ma'aikata biyu. Gaggawa ya yini yana kallon ƙofa. Da la'asar mahaifinsa ya dawo, ya ajiye masa guntun bututun lilon a kan gado. An kankare fentin, kuma a kan farin alli layi ya zagaye fiye da rabin waldar.

"Noti biyu na lilon kuma da yatsa na kwance su," in ji dattijon. "Ina isa na tarar da yarinyar a kai, tana ce mini, 'Tsoho, tura ni!'"

Gaggawa ya riƙe hannun mahaifinsa ya yi kuka. "Alhamdu lillahi da ƙafata ce. Baba, Allah Ya saka maka da alheri."

"Amin. In ka warke, sandar nan ma mu riƙa karɓa-karɓa."

Ya ku masu karatu, ga abin da aka tsira da shi: an duba ayyuka ashirin da uku, an sami tsaga a bakwai, an gyara su duka. Ƙafa guda ta gurgunce, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, yarinya tana lilonta, alli kuma ya koma kan benci inda aka gaje shi.

Duk mai haɗa ƙarfen da mutane za su dogara da shi, ya goge waldarsa, ya ɗaure notinsa, ya duba kafin ya shafa fenti, ya kuma koma ya sake dubawa. Kada ya jira haɗari ya nuna masa tsagar.