Manhaja Ta Hannu

Tun da aka fara kwafe basirar tsofaffin masu rubuta manhaja ana sayarwa a matsayin manhaja, Lantana ta sayi guda ta hannu wajen Malam Tanimu, don ta riƙa gyara mata kurakurai a kwamfuta. Yau ta koma shagonsa.

"Malam, aiki kam tana yi, amma sai na gaishe ta tukuna. Kuma da an kira la'asar sai ta tsaya cak."

"Halin Injiniya Shu'aibu ke nan, Allah ya jiƙansa, basirarsa ce a ciki. In goge miki ita?"

"Dakata. Wace ce Asabe?"

"'Yarsa ce. Ina kika san ta?"

"Kullum in ta gama gyara sai ta tambaye ni ko Asabe ta haihu. Kwatanta min gidansu, na gaji da cewa ban sani ba."