Tumbin Farfesa

Yana kwance babu riga, ɗaliban likitanci sun kewaye tumbinsa, sai ya hango 'yar maƙwabcinsa a cikinsu. Shekara tara yana gaya wa unguwa a jami'a yake koyarwa, har ana kiransa Farfesa. Bai taɓa cewa aikin nasa kwanciya ce, ana lallatsa shi ana koyon gwaji ba. Yau asiri zai tonu.

"Ke, nemo mana kumburin saifarsa," in ji malaminsu.

Ta kai hannu, ta lalubi ɓangaren dama.

Ya runtse ido ya yi raɗa, "Hagu, 'yata. Ƙarƙashin haƙarƙari."

Ta taɓo.

Da yamma ta iske shi cikin abokan hirarsa, ta durƙusa. "Barka da aiki, Farfesa."

Ya shafa tumbin, ya ce ai koyarwa sai haƙuri.